Neman kalma: "remediation" a rahoton kuɗin aikin Bodo

Hajiya Mai Labarai: Salamu alaikum. Rahoto ne zai fita ƙarfe 6 na yamma kan kuɗin aikin magance malalar ɗanyen mai a Bodo, garin masunta a ƙasar Ogoni, jihar Ribas. "Tsaftacewa" ta ɗauke mini "clean-up". To "remediation" fa? Takardar Turancin da nake fassarawa ta raba su.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Dole ta raba su. A Bodo mataki uku ne. Na farko kwashe ɗanyen man da ke yawo a kan ruwa, wannan shi ne tsaftacewa. Na biyu tura ruwa a hankali cikin taɓo domin man da ya nutse ya taso a kwashe, in aka matsa da ƙarfi sai a ƙara cusa shi ƙasa. Na uku dasa itatuwan mangurob, masu tsirowa a taɓon bakin teku, inda kifi ke hayayyafa. Kalmarki na biyun ce, kuma da awo ake yanke hukunci a kanta: ƙa'idar Najeriya ta ce in mai ya wuce miligiram 5,000 a kilo ɗaya na ƙasa, aiki ya wajaba. Ina ba da "cire gurɓata daga ƙasa".

Malamin Hausa: Wannan jimla ce, Injiniya, ba kalma ba. "Jinyar ƙasa". Ƙasa ta kamu, ana ba ta magani, ana jiran ta warke.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, a kan tudu ta zauna daidai. Can ana haƙe ƙasar, a baje, a zuba taki, a riƙa juyawa ta sha iska, ƙwayoyin halitta su cinye man. Amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nuna wannan bai wadatar a Ogoni ba, domin mai ya nutsa har mita 5 a wasu wurare, juyin kuwa sama-sama yake.

Ɗan Zamfara: A Bagega, ƙauyen Zamfara da gubar dalma ta gurɓata, a 2013 ba a yi wa ƙasa jinya ba. Dalma ba ta ruɓewa, ba abin da ke cin ta. Kankare saman ƙasar aka yi daga gidaje, aka binne a rami, aka zubo sabuwa. Shi ma "remediation" sunansa. In kun ce jinya, kun bar wannan a waje.

Malamin Hausa: Tiyata ba jinya ba ce? Abin da ke damuna, duk lokacin da aka kawo kalma mai gishiri sai 'yan boko su tsaya sai ta yi daidai da ta Bature ƙwaƙƙwaf. Shi Baturen daga kalmar magani ya samo tasa, ba wanda ya tuhume shi.

Ɗan Maraɗi: Mu nan da "dépollution" muke fama, kuma "cire gurɓata" ce kai tsaye. Sai dai ku mutanen Kano ba ku karɓar abin da ya ƙetaro iyaka.

Malamin Hausa: Ba Kano ba ce, kunne ne. A faɗi "cire gurɓata daga ƙasa" sau 5 a minti 2 a ji yadda harshe ke sarƙewa.

Hajiya Mai Labarai: Don Allah a bar rigimar gari, lokaci na tafiya.

Lauya: Hajiya, ko wacce kika ɗauka, kada ta haɗu da "diyya". Fam miliyan 55 da kamfanin mai na Shell ya amince ya biya mutanen Bodo a 2015 kan malalar man 2008 diyya ce: miliyan 35 ga mutum kusan 15,600, miliyan 20 ga al'umma. Ba kuɗin gyara ba ne. Dala biliyan 1 da rahoton 2011 ya nema kuma ta ƙasar Ogoni ce baki ɗaya, ta shekara 5 ta farko kawai, a aikin da aka ce zai ci shekara 25 zuwa 30, kuma HYPREP, hukumar gwamnatin tarayya mai gyaran muhallin Ogoni, ke gudanar da shi. In mai sauraro ya ji an haɗa su, zai ɗauka an riga an biya masunta su gyara da kansu. "Jinya" na ƙara wannan ruɗani, don akwai mutanen da ke neman kuɗin jinya ta gaske bayan sun sha ruwan rijiya mai sinadarin benzin.

Malamin Hausa: Wannan hujja ce, na ji. Amma ta rediyo ce kawai. A rubuce ina nan kan bakana.

Hajiya Mai Labarai: Karon farko zan ce "cire gurɓata daga ƙasa", daga nan "gyaran ƙasa". Mataki na uku "farfaɗo da muhalli". Na gode.

Ɗan Zamfara: Manomi zai ji "gyaran ƙasa" ya ɗauka sharar gona ce.

Hajiya Mai Labarai: Shi ya sa doguwar za ta riga ta. Saura "trust fund", na sa "asusun amana" sai in wani na da wadda ta fi kafin 5 da rabi.