Neman shawara: ƙunshin ƙafa, biki saura kwana goma

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bikina saura kwana goma, kuma hankalina ya rabu biyu kan ƙunshin ƙafa. Zanen baƙin dayis nake so, amma da Sallar bara aka yi min shi a hannu, bayan kwana biyu wurin ya kama ƙaiƙayi, ƙuraje masu ruwa suka fito daidai inda zanen ya bi. Mai ƙunshin ta ce zafi ne kawai. Ga kuma faso a dunduniyata. In sake gwadawa a ƙafa, ko in haƙura da jan lalle?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Ƙanwata, aikin jinya nake yi, kuma ina roƙonki kada ki kusanci baƙin nan. Wannan ba zafi ba ne. Galibin baƙin dayis akwai sinadarin PPD a ciki, wanda ake sawa a rinin gashi. In jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan, kuma karo na biyu yakan fi na farko muni, har ya bar tabo. Ga faso kuma, fatar a buɗe take. Rinin gashi ma ki kiyaye shi daga yau.

Amsa ta biyu:
To ko ta ɗiga kaɗan a hannu ta gani?

Mai amsa ta farko:
A'a Anti, ta riga ta gani ai. Ɗigon ma zai iya tayar mata da ciwon.

Amsa ta uku:
'Yata, shekarata ashirin ina ƙunshi, babu inda jan lalle ya fi kamawa kamar tafin ƙafa, saboda kaurin fatar. Ki fara da fason tun yau: jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, goge kaushin da dutse a hankali, shafa man kaɗanya, ki kwana da safa. Ranar ƙunshi kuwa kada mai ya taɓa ƙafar, don yana hana lalle kamawa. A kwaɓa garin lalle zalla a gabanki, a yi miki na salatif, a ɗaure da leda ya kwana. Da safe ki kankare, ki shafa mai. Za ki gan shi ja fayau, kar ki damu, cikin kwana biyu yake rinewa, don haka a yi shi saura kwana biyu kamu. Alwala ba matsala, launi ne kawai, ruwa yana taɓa fata.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na haƙura da baƙin. Mama, idan fason bai gama warkewa ba zuwa ranar, a tsallake dunduniyar ko a rufe ta da salatif?