Neman shawara: tafiya hamadar Atakama a watan Yuli

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Aiki zai kai ni San Pedro de Atacama a arewacin Chile a watan Yuli, kwana shida. An tsara washegarin saukarmu mu hau El Tatio, inda tafasasshen ruwa ke tsartuwa daga ƙasa. Da na ji an ce hamada sai na haɗa kayan shan iska, to jiya wani ya ce sanyi zai ba ni wahala. Kuma ina shan maganin hawan jini. Don Allah wanda ya san wurin ya taimaka.

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, zazzage jakar nan ka sake shiri. Yuli tsakiyar hunturu ne a can. Da asubar fari ake tafiya El Tatio don a riski tururin kafin rana ta ɗaga, lokacin sanyi ya sauka ƙasa da sifiri. Ni da na je, yatsuna sun ƙage har na kasa zuge zif ɗin rigata. Ka jera riguna uku, da safar hannu da hular sanyi, rana na yi kana ragewa.

Amsa ta 2: Ni tsarin tafiyar ne bai kwanta min ba. San Pedro na kan tudu mai mita 2,400, El Tatio kuwa wajen 4,300. Iskar can sama ba ta ƙosar da huhu, taku kaɗan sai haki, ga ciwon kai da tashin zuciya. Ruwa ma a digiri 86 yake tafasa. Ku kwana biyu ko uku a ƙasa tukuna, jiki ya saba. Batun hawan jinin kuma ka ga likitanka kafin ka hau jirgi, ka faɗa masa tsayin wurin da lamba. In kai ya matsa maka a sama, a sauko da kai, kada ka daure.

Amsa ta 3: Ƙari kaɗan, Malam: bushewa. Leɓe na tsagewa, wasu har haɓo suke yi. Riƙe man leɓe da baƙin tabarau, ka yi ta kurɓar ruwa ko ba ka jin ƙishi. Yankin duk duwatsu masu aman wuta ne, kana cikin gari kana hangen Licancabur, Láscar kuma har yanzu yana hayaƙi. A El Tatio kada ka kauce wa hanyar da aka shata, ɓawon ƙasar ba kauri, ƙarƙashinsa ruwa ne mai tafasa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan roƙi a mayar da hawan rana ta huɗu, gobe kuma zan je wurin likita.