Yok ko lambun Studley Royal: ina zan kai Hajiya?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina aikin jinya a Lids ta Ingila, Hajiyata za ta zo wata mai zuwa, Asabar ɗaya kawai na samu hutu. Tana son shuke-shuke sosai amma gwiwa na damunta. In kai ta Yok ta ga tsohon gari, ko lambun Studley Royal kusa da Ripon? Fam ɗari ne a hannuna.

Ɗan Fagge: Wa'alaikumussalam. Yok mana! Ku hau ganuwar ku zaga, kusan mil biyu ce, kyauta. Sai ku gangara Shambles, lungun mahauta na da, gidajen sun sunkuyo kamar za su gaisa.

Anti Bilki: Ɗan Fagge, ta ce gwiwa. Matakalar ganuwar nan ko mai lafiya sai ya yi haki. Maman Ilham, cikin Yok ɗin akwai Museum Gardens, fili ne shimfiɗaɗɗe, ga kujeru, ga kangon tsohon wurin ibadar St Mary. Ba a biyan ko sisi.

Baban Sadik: Ni dai kada wanda ya sake ce min lambun Turawa. Surukata ta zo, na biya wa mutum huɗu motar yawon buɗe ido, aka ce za mu ga lambun da babu irinsa. Muka isa, ciyawa ce kawai da tafki da tumaki. Baiwar Allah ta dube ni ta ce, "Wannan ai makiyaya ce." Ruwa ya sauko, ta zame a kan dutse, ƙarfe huɗu duhu ya rufe. Har yau in an yi taron dangi sai an tayar da maganar.

Anti Bilki: Wane wata ka je?

Baban Sadik: Nuwamba.

Anti Bilki: To ai ka ji. Kuma abin da ka gani salon Capability Brown ne, mai tsara lambuna wanda ya rasu a 1783, da gangan yake shirya fili ya yi kama da daji. Studley Royal daban ne: magudanan ruwa miƙaƙƙu, tafkuna zagayayyu, sai kwatsam kangon tsohon wurin ibada Fountains Abbey na 1132 ya bayyana a gabanka. Sai dai akwai tafiya. Mai son fure kuwa lambun Harlow Carr na Harroget ya fi dacewa da ita.

Ɗan Fagge: Jirgin ƙasa daga Lids zuwa Yok bai kai rabin awa ba, fam goma na biya zuwa da dawowa.

Ummu Hanan: Fam goma a ina? Ni kusan ashirin na biya.

Baban Sadik: Wanda bai taɓa tura dattijuwa a keken guragu kan duwatsun titin nan ba, ya daina ba da shawara.

Ɗan Fagge: Yaya, shekara nawa ina zaune a yankin nan, kai zuwa ɗaya ka yi, a damina kuma.

Malam Na-Zariya: Ingila duk shekara ai damina ce, ku dai riƙe lema. Akwai masallaci a Bull Lane cikin Yok don azahar.

Ummu Hanan: Ni da na hau ganuwar Yok kuka ne ya kusa zo min. Badalar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, yau an yanka ta filaye, ana ɗibar ƙasarta ana buga bulo.

Malam Na-Zariya: Tasu dutse ce, tamu jar ƙasa, dole ruwa ya ci.

Ummu Hanan: Malam, ruwa ne ke raba takardar fili?

Maman Ilham: Jama'a, ni fa har yanzu ban ji ba, akwai bas daga Ripon zuwa lambun ranar Asabar?

Baban Sadik: Ta Zariya ma me ya rage a cikinta? Ka faɗa mana, Malam.