Neman shawara: Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya, kowanne da faifansa

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur ƙirar Dell OptiPlex, tokumbo, wadda Windows 11 ke kan faifanta na SSD mai gigabait 256. Makon jiya na shiga Computer Village a Ikeja na sayo wani faifan mai gigabait 512, da niyyar ɗora masa Ubuntu 24.04, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, saboda karatun rubuta manhaja da na fara. Ba zan iya goge Windows ba, domin da ita ƙanena yake aikin makaranta. Abin da ya sa nake ɗari-ɗari shi ne, na taɓa raba faifai ɗaya gida biyu a tsohuwar kwamfutata, ana nan wata rana Windows ta sabunta kanta, da na kunna sai na nemi jerin zaɓin Ubuntu sama ko ƙasa na rasa. Shin raba musu faifai zai hana hakan sake faruwa, kuma ta ina ya kamata in fara?

Mai Gyara a Ikeja:
Wa alaikumus salam, Malam. Raba musu faifai zai taimaka, amma da sharaɗi guda: kafin ka fara ɗora Ubuntu, ka kashe kwamfutar, ka zare ta daga wuta, ka buɗe murfin ka cire wayar faifan Windows gaba ɗaya. Dalili kuwa shi ne, a kwamfutocin da ke aiki da UEFI, wato tsarin zamani da ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta, akwai wani ɗan yanki a jikin faifai, wanda ake kira yankin EFI, inda kowace babbar manhaja take ajiye fayilolin da ke tayar da ita. Idan faifan biyu suna haɗe lokacin ɗorawa, yana yiwuwa Ubuntu ta zauna a sabon faifai amma GRUB, wato manhajar da ke tayar da ita, ta je ta rakuɓe a yankin EFI na faifan Windows. Ba za ka ga wata alama ba sai ranar da ka cire tsohon faifan ko ya lalace, a lokacin ne Ubuntu za ta ƙi tashi alhali fayilolinta suna nan lafiya lau. Na sha karɓar irin wannan aikin a shago, kuma yawanci mai kwamfutar yana zuwa ne da zaton sabon faifan ne jabu.

Bayan ka gama, ka mayar da wayar, sannan duk lokacin da ka kunna ka danna F12, wanda shi ne maɓallin zaɓin faifai a Dell, ka zaɓi wanda kake so. A cikin BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ko Ubuntu ta tashi, ka sa faifan Windows a sahun farko, yadda ƙanenka zai kunna kawai ya shiga abin da ya saba da shi.

Akwai kuma abu ɗaya game da Dell. Da yawa daga cikinsu suna zuwa ne an saita faifai a kan RAID maimakon AHCI, wato hanyoyi biyu da kwamfuta ke hulɗa da faifai, kuma a haka Ubuntu kan ƙi ci gaba da ɗoruwa. Kada ka sauya saitin kai tsaye, domin Windows za ta nuna shuɗin allo ta ƙi tashi; sai ka fara umartar ta da shiga Safe Mode, wato yanayin gyara na Windows, ka sauya zuwa AHCI a BIOS, ta tashi sau ɗaya a haka, sannan ka fitar da Windows daga Safe Mode.

Malama daga Idi-Araba:
Na yarda da bayanin Malam mai gyara, sai dai ina ganin ya tsallake abin da ya fi haɗari. Kafin ka taɓa komai a BIOS, ka duba ko BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanan faifai, yana kunne, domin sauya saiti kan sa Windows ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48, kuma idan ba ka da ita, fayilolin ƙanenka sun kulle ke nan. Galibi ana samun ta a asusunka na Microsoft. Ka kwafe ta a takarda tun yanzu. Haka kuma ka kashe Fast Startup, wato saitin da ke sa Windows ta tashi da sauri, saboda idan yana kunne Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, kuma Ubuntu ba za ta bari ka rubuta komai a faifanta ba.

Sai batun agogo. Ubuntu tana ajiye agogon cikin kwamfuta a kan lokacin UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya, ita kuwa Windows tana ɗaukar sa a matsayin lokacin gida, don haka a nan Najeriya za ka riƙa ganin Windows ta koma baya da awa ɗaya cif. Ni sai da na kusa makarar da La'asar kafin na gane abin da ke faruwa. Umarnin `timedatectl set-local-rtc 1` a Ubuntu yana magance shi.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, BitLocker yana kunne ba tare da sanina ba, kuma na riga na rubuta lambar a bayan littafina. Saura tambaya ɗaya ga Malam mai gyara: idan na gaji da danna F12, zan iya sa GRUB ta nuna mini Windows a jerinta?

Mai Gyara a Ikeja:
Za ka iya, ta hanyar rubuta `GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false` a cikin fayil ɗin `/etc/default/grub` sannan ka ba da umarnin `sudo update-grub`. Amma tunda BitLocker yana kunne, shiga Windows ta cikin GRUB na iya sa ta nemi waccan lambar, don haka ni dai da F12 zan zauna. Kuma ranar da za ka yi aikin, ka haɗa kwamfutar da UPS ko inbata, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta faifai.