Ya riƙe min yaro tun Babbar Sallah, Baba kuma ya hana a je kotu

Wata 'yar uwa (ta ce a sakaya sunanta):
Assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Shekara biyu ke nan da mutuwar aurena, yaranmu biyu, namiji ɗan shekara 9 da mace 'yar shekara 5. Auren zumunci ne, mahaifiyarsa da Babanmu uwa ɗaya uba ɗaya suke. Tun ina amarya Gwaggo ba ta son in buɗe baki a gidan, komai na yi sai ta ce na raina ɗanta. Da zai ƙara aure da kuɗin adashina aka yi fentin ɗakin amarya, ko sannu ban samu ba. Keken ɗinkina ya sayar ya ce zai biya, har yau shiru. Firij ɗina ma yana can, amarya na ƙulla zoɓo tana sayarwa da shi.

Bayan saki na dawo gida da yaran. Ya ce zai riƙa turo dubu 25 duk wata, wani watan ya turo, wani ya ce kasuwa ba ta ci. Da Babbar Sallah ya aiko ƙaninsa ya tafi da su yawon Sallah, aka dawo min da macen kawai. Na kira shi, ya ce yaro ya girma, ya sa shi a makaranta kusa da su, magana ta ƙare. Yanzu ya ji akwai mai nemana, ya aiko cewa ranar da aka ɗaura min aure ranar zai ɗauke ita ma. Baba ya rantse yana raye ba za a kai ɗan 'yar uwarsa gaban alƙali ba. Ta ina zan bi in karɓo yarona ba tare da shari'a ba?

Maman Iman:
Allah ya kawo miki mafita. Ni dai ki haƙura ki bar masa, ɗa namiji na ubansa ne. In ya yi hankali da ƙafarsa zai nemo ki. Ki yi aurenki.

Malam Abu Sumayya:
Maman Iman, al'ada kika faɗa, ba hukunci ba. A mazhabar Malikiyya da kotunan Musulunci na Arewa ke aiki da ita, riƙon yaro bayan saki na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Yana nan a Risala, ɗan makarantar zaure ma ya sani. Ci da sha da sutura da magani kuwa suna kan uba ko yaran suna hannun wa. Ku duba aya ta 233 a Suratul Baƙara, an hana a cutar da uwa saboda ɗanta, an hana a cutar da uba saboda ɗansa.

Baiwar Allah, ga abin yi. Ki daina kiransa a waya kuna musayar baƙar magana. Ki samu limamin da Babanki ke jin nauyinsa, shi zai fara tausar Baba, don matsalarki ta farko tana cikin gidanku. Sai a zauna, dattijo ɗaya daga wajenki, ɗaya daga wajensa. Duk abin da aka cimma a rubuta: inda yara za su zauna lokacin karatu, rabon hutu, Ƙaramar Sallah wajen wa, Babba wajen wa, wa ke biyan makaranta da asibiti, nawa ne na ciyarwa, ranar nawa ga wata. Shaidu su sa hannu, mai unguwa ya riƙe kwafi. In ya ƙi zama ki kai ƙorafi Hisbah, sulhu suke yi, ba kotu ba ce.

Uwar Biyu:
Malam, takarda? Hmm. Nawa tsohon mijin a gaban mai unguwa da limami ya sa hannu har da dangwala yatsa. Wata biyu ya biya ya daina. Da na koma aka ce in yi haƙuri, gari ya yi zafi. Garin bai yi masa zafi ba da ya canza mota. Ni ke sayar da awara ina biyan kuɗin Islamiyya, amma in an tashi aurar da su shi zai sha babbar riga ya zauna a gaba.

Baban Khalifa:
A riƙa jin ta bakin maza ma. Ni ina turo kuɗi kan lokaci, amma in na je ganin 'ya'yana a zaure ake tsayar da ni a ce sun yi barci, ƙarfe biyar na yamma. 'Yar uwa, tsakaninki da Allah, kafin Sallar nan kina barinsa ya gan su?

Mai tambaya:
Na hana su zuwa na wasu watanni, amma da dalili. Macen ta dawo min da ƙuna a hannu, ba wanda ya iya gaya min yadda aka yi. Ku da kuke da yara, za ku sake tura ta? Kuma ban taɓa hana shi zuwa ƙofar gida ba, shi ne girman kai ya hana shi.

Baban Khalifa:
To kin ga. Ramuwa ya yi.

Malam Abu Sumayya:
Ramuwa ba hujja ba ce. Amma ke ma ba ki da ikon hana uba ɗansa, ƙunar nan a zaman dattawa ya kamata a kai ta. Sai batun aurenki. Hadisi ya tabbata a Abu Dawuda, Annabi (SAW) ya ce wa wata mata ita ta fi cancanta da ɗanta matuƙar ba ta yi aure ba. In kika tare da mijin da bare ne ga yaran, riƙo ya bar hannunki, sai dai ba wajen uba yake tafiya kai tsaye ba. Mahaifiyarki ce ke biye, sannan 'yar uwarki. Mama na nan?

Mai tambaya:
Mama ta rasu tun ina sakandare, matar Baba ce a gidan. Yayata tana aure a Gusau.

Malam Abu Sumayya:
Allah ya jiƙanta. Yayarki ma sharaɗin miji bare ya hau kanta. In aka bi layi aka rasa mai riƙo a dangin uwa, zai iya faɗawa kan kakarsu ta wajen uba.

Mai tambaya:
Gwaggo?! Wallahi gara in fasa auren.

Anti Lauya:
Kar ki yanke hukunci cikin fushi. A sulhu ba dole sai an bi layin nan ba, in uban ya yarda macen ta zauna wajenki bayan aure, shi ke nan. Sai kin ba shi wani abu kafin ki samu wani abu, misali namijin ya yi karatu a can, duk hutu yana wajenki. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA na taimakawa da irin wannan zama. Maganar Uwar Biyu ma gaskiya ce, takardar da alƙali bai tabbatar ba wuyar tilastawa gare ta. Bayan an daidaita ana iya kai ta kotu ta zama hukunci.

Mai tambaya:
Anti, Baba ko sunan kotu ba ya son ji. Kuma ni ba zan yi cinikin ɗana ba, in ba da ɗaya in karɓi ɗaya. Ina tunanin in je makarantar tasu ana tashi in taho da shi, yadda shi ma ya yi min.

Malam Abu Sumayya:
Kul! Kika yi haka kin zubar da hujjarki a gaban dattawa. Na gaya miki, limami tukuna.

Uwar Biyu:
Ki je ki ɗauko abinki. Wanda yaro ke hannunsa shi ake lallashi a zaman sulhu, ni na gani da idona.

Mai tambaya:
Limamin unguwarmu abokin Baba ne, tare suke cin tuwon dare. Abin da Baba ya ce shi zai maimaita.

Ummu Sadiq:
Ni ma irin matsalata ke nan, sai dai nawa uku ne kuma ubansu ya koma Abuja da su. Anti Lauya don Allah ki duba saƙonki.