Tafiya Maldives da ƙaramin kasafi: me ya kamata a sani tun daga gida?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ni da maigida muna shirin zuwa Maldives na mako guda, kuma abin da muka ware bai kai na manyan otal ba. Don Allah a yi mana bayanin biza, watan da ya fi dacewa, da yadda ake zirga-zirga tsakanin tsibiran. Batun abinci da sallah fa?

Baban Zara:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Biza ba ta da wahala: a filin jirgin Velana ake buga ta, kyauta, ta kwana 30. Za a nemi fasfo mai sauran wa'adi, tikitin komawa, da shaidar kama masauki. Akwai fom na intanet mai suna IMUGA da ake cikewa cikin awa 96 kafin sauka, shi ma kyauta ne, kada wani shafi ya karɓi kuɗinku a kansa. Abin da mutanenmu suka fi mantawa shi ne katin rigakafin shawara. Mai fitowa daga Najeriya ko Nijar ana tambayarsa, kuma sai allurar ta kwana 10 katin yake fara aiki, don haka ba abin yi ana gobe tafiya ba ne. Babu jirgi kai tsaye, sai an yada zango a Doha, Dubai ko Istanbul.

Malam Na-Tasha:
Hajiya, ki fara zaɓen tsibiri kafin ki sayi tikiti, domin nan kuɗin yake tafiya. Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200, waɗanda mutane ke zaune a kai ba su wuce 200 ba. Filin jirgin ma tsibirinsa daban, Hulhule, gadar Sinamale da aka buɗe a 2018 ce ta haɗa shi da Male babban birni.

Masauki iri biyu ne. Akwai otal ɗin da ya mamaye tsibiri guda shi kaɗai, komai a wurinsa za a saya, har jirgin da zai kai ku shi ke yanke farashinsa. Akwai kuma gidajen baƙi a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, waɗanda aka fara ba wa izini a 2009. Da kasafinku wannan na biyun ya dace. Maafushi ne aka fi sani, kwalekwale mai gudu kan kai can cikin minti 30 zuwa 45, kimanin dala 25 kowane mutum. Jirgin fito na gwamnati ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai yana cin kusan awa ɗaya da rabi kuma ba ya aiki ranar Juma'a.

Inda lissafi ke ɓaci shi ne lokacin sauka. Jirgin sama mai sauka kan ruwa da rana kawai yake tashi, to wanda ya iso da yamma ya kama ɗaki a tsibiri mai nisa, dole ya kwana kusa da filin jirgi, kamar a tsibirin Hulhumale, ya biya ɗaki biyu a dare ɗaya. Ku tura wa masaukin lambar jirginku, su tabbatar muku da abin hawa a rubuce, sannan ku biya.

A duba farashin ɗaki da kyau kuma. Sau da yawa ba a sa harajin yawon buɗe ido na kashi 17 cikin 100 a ciki, da kashi 10 na hidima, da harajin muhalli da ake ƙirgawa kowane mutum kowane dare.

Anti Bilki:
Disamba zuwa Afrilu ne rani, teku a kwance, farashi a sama. Daga Mayu zuwa Nuwamba damina ce, ɗaki na sauka, amma igiyar ruwa kan sa a soke kwalekwale, saboda haka a kwana kusa da filin jirgi daren ƙarshe.

Abinci kuwa ki kwantar da hankalinki, ƙasar Musulmi ce tun ƙarni na 12. An hana shiga da giya da naman alade, a tsibiran otal ana sayar da giya, amma ban da tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune. Karin kumallonsu mas huni ne, kifin tuna da kankararriyar kwakwa da albasa da barkono, ana ci da gurasarsu mai suna roshi. Masallaci na kowane tsibiri, shaguna na rufewa lokacin sallah. Shafi'awa ne, za ki ji liman na bayyana bisimilla. In kun shiga Male ku ga Hukuru Miskiy, masallacin da aka gina da dutsen murjani a shekarun 1650.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Dala za mu riƙe ko kuɗinsu?

Baban Zara:
Dala, sabbi marasa yaga ko tabo, domin ana ƙin karɓar tsoffi. Ku canza kaɗan zuwa rufiyaa, wajen 15 a dala ɗaya, don shago da jirgin fito. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, layin waya na Dhiraagu ko Ooredoo ana samu a filin jirgi. Ku tafi da man korar sauro saboda zazzaɓin dengi, kuma kada a yi iyo a mashigar da ke tsakanin tsibirai, ruwan wurin yana ja da ƙarfi.