Lambar Victoria Cross: akwai ɗan Najeriya da ya taɓa samu?

Matashin Agege:
Assalamu alaikum. Dattawan unguwarmu na cewa sojojinmu na yaƙin Bama (ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu) sun samu lambar jarumta mafi girma ta Ingila. Gaskiya ne?

Tsohon Soja, Obalende:
Wa alaikumus salam, ɗana. An haɗa abu biyu ne. Wadda aka raba wa 'yan Bama tauraruwa ce mai tsini shida, shaidar halartar yaƙi. Victoria Cross kuwa, wato lambar mafi girma da kake nufi, kuros ne na tagulla, da ƙyalle ja mai duhu. Sarauniya Victoria ta kafa ta a 1856. Juya bayanta: ranar jarumtar na tsakiya, sunan mai ita na jikin ƙarfen da aka rataye ta. Babu ɗan Najeriya da ya samu. Jarumanmu irin Chari Maigumeri, mai sunan barikin Lokoja, Military Medal aka ba su, wata lambar jarumta ta daban.

Malam na Idi-Araba:
Haka ne, Baba. Amma an taɓa bayar da ita kan faɗan da aka yi a ƙasarmu: Laftanar Wallace Wright, a Kwatarkwashi, Fabrairun 1903, a karawa da mayaƙan Kano. Dakarunsa baƙaƙe ne, shi kaɗai ya samu. Abin na ci min rai.

Tsohon Soja, Obalende:
Ka'idar ma da tsauri. Sai an yi jarumtar gaban abokan gaba, kwamanda ya rubuta, yawanci da shaidu uku, sannan sarkin Ingila ya amince. In shaidun sun mutu a fagen fama, maganar takan tsaya nan. Mutum uku kacal suka samu sau biyu.